Tukunyar Inna Rifkatu Ba Ta Kwana da Abinci

Kowace safiya, kafin Inna Rifkatu ta buɗe tukunyar shinkafarta a bakin tashar Diffa, sai ta durƙusa ta yi addu'a. Direbobi na tsaye da kwanoni suna ƙunƙuni, ita ko a jikinta. Ba a taɓa ganin ta gajarta wa Ubangiji magana don direba yana sauri ba.

Kirista ce 'yar Maradi da aure ya kawo nan, ta yi shekaru fiye da talatin tana ciyar da garin da kusan kowa Musulmi ne. Ƙa'idarta ɗaya: in rana ta yi sanyi, abin da ya rage a tukunya ba ya kwana. Na 'yan dako ne, da masu jinya, da baƙon da mota ta bari. In ka ce ta ajiye na ɗumame, sai ta ce, "Ni na yau na roƙa. Mai goben yana nan, bai yi tafiya ba."

A bakin mai cikakken rumbu wannan magana ba ta da wuya. Mun ga nauyinta shekarar da tashin hankali ya koro mutanen bakin kogin Komadugu, tasha ta mutu, ciniki ya tsaya. Ya Fanna, manomiyar tattasai daga Geskeru, ta iso wurin Inna da jikokinta ba ko tabarma. Ta ba ni labari cewa a gabanta Tabita, 'yar Inna, ta tare bakin buhun ƙarshe.

"Inna, in kin juye wannan, me za mu ci gobe?"

"Yaran nan yau suke jin yunwa, Tabita. Matsa."

Ba zan yi muku ƙarya ba, washegari buhu bai faɗo daga sama ba. Da ruwan kunu suka wuni, Tabita na kumbure-kumbure, Inna na rera waƙoƙin majami'a. Sai kwana na biyu wani ɗan kasuwa Badamagare, Alhaji Muhsinu, ya ji labari ya aiko da shinkafa. Ita ma shinkafar ba ta yi wata ba ta ƙare.

Ke ce uwar baƙi, Inna. Ke ce ba ki taɓa tambayar mai yunwa inda yake ibada ba kafin ki zuba masa miya. Na sha jin wa'azi kan dogara ga Allah, amma a bakin murhunki na gan shi da idona.

Bana gwiwoyi suka ƙi, dole ta sauka daga sana'a, ba gona ba ajiya. Tabita ta zo daga Maradi, inda take zaune yanzu, da niyyar tafiya da ita, tana cewa, "Wa zai ciyar da ke a nan?" Inna ta yi kuka, don kabarin mijinta yana Diffa, majami'arta ma haka. Mu ma hankalinmu ya tashi.

Ya Fanna ce ta raba gardama. Ta shigo da kwano a kai, ta ce, "Inna ba ta zuwa ko'ina. Yau nawa ne, gobe na direbobi, jibi gidan Alhaji." Tun ranar abinci bai yanke mata ba.

Mun gode, Inna Rifkatu. Allah ya sassauta wa gwiwoyin nan, ya bar mana ke. Mu kuma da muka iya kulle rumbu, mu riƙa leƙa maƙwabci kafin mu rufe tukunya.

Jiya da la'asar na je gaishe ta. Na tarar ta jawo kujera bakin ƙofa da kwanon da aka kawo mata, tana kiran wani ɗan dako ya zo ya ƙarasa. Tabita ta dube ni ta girgiza kai, sannan ta tashi ta ɗauko masa cokali.