Fitilun Makka da Hannun Garba

Kafin in lalace, ni mai gyaran wuta ne a Sabon Garin Sakkwato, zamanin da kuɗin mai suka shigo, kowa na ja wa gidansa lantarki. Tare muka koyi aikin da abokina Garba. Na fi shi saurin hannu, har gobe ina faɗa, amma shi mutane ke nema. Abin yana cina ƙwarai. Da satar fiyus na fara, da guntayen waya, ina ce wa raina ai haƙƙina ne aka tauye.

Sai wani Alhaji mai kantin yadi a Sama Road ya dawo hajji da manyan fitilu. Ni na riga kowa zuwa yi masa barka, amma Garba ya ba aikin. Garba ya duba ya ce, "Alhaji, waɗanga hwitilu wutar ɗari da goma su ka sha, tamu ta ninka haka. Sai an sa musu taransifoma ta rage ƙarhi." Aka sa. Kanti ya haska, duk wanda ya wuce sai ya ce, "Garba ya iya!" Ni ko kamar ana zuba mini barkono a ido.

Ranar wata Juma'a, mutane na masallaci, na buɗe akwatin wuta a bayan kantin, na kwance taransifomar, na haɗa wayoyin kai tsaye. Nufina fitilun su fashe, a ce Garba bai iya ba. Da aka sauko aka kunna, sun fashe ɗin, amma a kan yadi tartsatsin ya zuba, kanti ya kama da wuta. Garba na wurin. Ya kutsa cikin wutar ya fizge wayar da hannunsa.

Na kai taransifomar kasuwa. Mai sayen ya juya ta ya ce, "Wagga ta kayan Makka ta. Ina kas samo ta?" Ashe ya ji labarin wadda ta ɓace a kantin Alhaji ranar gobarar, sai ya kira 'yan sanda. Daga nan sai kotu, sai gidan yari.

Da na fito na tuba, na je neman gafara. Na iske Garba zaune, yatsunsa a ƙandare. Ya ce, "Na yahe maka. Ɗan ɗaure min ƙwan ga, ya kwance." Na ɗaure ina kuka. Mutumin da ya haska Sama Road ba ya iya murɗa ƙwan fitilar ɗakinsa.

Samari, in ɗan'uwanku ya samu, ku yi masa barka har zuci, ku bar ko fiyus ɗin da ba naku ba. Ni abin da na nema na samu: ba mai ƙara cewa Garba ya iya. Wallahi ban ji daɗinsa ba ko na rana ɗaya.