Ƙari a Hamatar 'Yata

Shekarar da aka tashe mu daga bakin Komadugu, muka bar tattasai yana ja a gona, 'yata ba ta daɗe da fara tafiya ba. A rumfar da muka kafa bakin gudron, wato titin kwalta, gabas da Diffa, ina yi mata wanka na ji wani kullutu a hamatarta ta dama, kamar ƙwan zabo. Ba zafi, ba zazzaɓi, in na danna ma dariya take. Sai girma yake yi.

Na ce a kai ta asibiti. Da me? An hana hawan moto, wato babur, wai maharan da ke daji da shi suke yawo. Su ba su daina yawon ba, mu ne muka zauna. Mahaifinta ya tafi garin Maine neman aikin ƙarfi, ya bar ni da uwarsa.

Ranar rabon gero na bar mata yarinyar na bi layi. Da na dawo, tun daga nesa na jiyo kukan yarinyar. Ashe uwar mijin nawa ta kira wanzami ya ƙona ƙarfe ya yi wa wurin sakiya. Babu abin da ya fito sai jini.

"Iya, wa ya ce a taɓa ta?"

"Mugunya ce ta taru. Haka muka yi wa ubanta."

"Ina mugunyar? Nuna mini!"

Ta juya mini baya, wai 'ya'yan yanzu ba kunya.

Wurin ya ruɓe, yana wari. Na goya ta na kama gudron da ƙafa, har wani mai motar itace ya tsaya mana. A kowane shingen jami'an tsaro sai an sauke mu an bincika, har zanen goyon sai da na kwance.

Likitan da ya yi mata aiki a Diffa ya ce ba ciwon daji ba ne. Ƙarin kitse ne da kan fito wa ƙananan yara jefi-jefi, ana cirewa a huta. Ƙunar ce ta kusa kashe ta.

Ta rayu, amma fatar ta tattare, har yau hannun ba ya miƙewa sama sosai. Iya ta rasu tana gaya wa mutane sakiyarta ce ta nunar da ciwon, likita ya tarar da aiki a gama. Ranar gaisuwar rasuwarta dangin mijina suka ce in yafe mata a bainar jama'a. Na ce Allah ya jiƙanta, na tashi na koma wajen tukwane.