Kawu a Farar Rigar Likita

Ranar Asabar ina ninke wanki a falona a Silver Spring, ana maimaita wani tsohon shirin 'yan sanda a talabijin, sai na ji gyaran muryar Kawu, yayan mahaifiyata da ya riƙe ni a Amurka. Shekararsa biyu da rasuwa.

Na ɗago kai. Wallahi shi ne a cikin shirin, ya fito a likita, yana sosa gemu da gindin biro kamar yadda ya saba in zai yanke hukunci.

Haka ya sosa shi ranar da na kai masa takardar makarantar wasan kwaikwayo da ta ɗauke ni. Ɗakin yana ƙamshin shayin citta. Ya karanta, ya ninke ta, ya ɗora kofinsa a kai.

"'Yar gidan mutunci ba ta cin abinci da fuskarta. Me zan gaya wa uwarki a Kano? Aikin jinya za ki karanta."

Na ce, "To, Kawu." Har yau jinin marasa lafiya nake aunawa.

A Asabar ɗin nan na kira matarsa a Germantown, na gaya mata abin da na gani. Ta ce, "Taron aikin nan da yake yawan zuwa New York, ai wurin 'yan fim ne. Cewa ya yi kar ki sani."

Haba Kawu! Ka san daɗin abin, ka hana ni.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka. Ni kuma ya ba ni zuciyar yafe maka, don yau kam ba ni da ita.