Kwanon da Ɗankure Ya Kawo daga Yamai

Kausar ta fara jin sunan Ɗankure ne ranar da ta hana ƙanwarta Rauda aron sabon kofinta. Kakarsu, Inna Laure, tana tsince shinkafa a faifai, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "To, an haifa muna wani Ɗankure a gidan ga." Matan gida suka kwashe da dariya. Sai da Kausar ta shiga sakandare ta san cewa Ɗankure mutum ne mai rai, yana zaune a Argungu, kuma yayan Inna Laure ne uwa ɗaya uba ɗaya. Rabonsa da gidansu na Nassarawa a Birnin Kebbi tun kafin a haifi Kausar. Dalili kuwa, kwano.

Da ƙuruciyarsa ya tafi Yamai, ya yi wa wani Bafaranshe aikin kuku. Da Baturen zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa wani tsohon kwanon miya na tangaran mai marfi. Ɗankure cewa yake yi kyauta ce ta girmamawa. Dangi kuwa sun ce akwati ne ya cika, aka rasa inda za a cusa shi.

Kwanon dai yana da kyau, wannan babu musu. Fari ne tas, an zagaye bakinsa da ruwan zinari, an yi masa zanen ganyaye a sarƙe kamar abin wuya. A cikinsa ga hoton wata mata da dogon mayafi, ta jingina da ginshiƙi, tana riƙe da tulu mai hannu biyu. Ɗankure ya sa kafinta ya yi masa kabet na gilashi, ya kulle. Baƙo in ya zo, kafin a ba shi ruwa sai an ba shi tarihin kwano: wai ya girmi kakan kowa a Kabi, wai sarakunan ƙasar Baturen ne ke cin abinci a irinsa. Mutumin da tuwon gero ya raina, sai ga shi yana yatsina fuska in ya ga ana ci a kwanon silba. "Ku mi kuka sani ban da kihi da laka?" Haka yake ce wa maƙwabtansa masunta, waɗanda ke aiko masa da kifin da yake ci.

Ana nan aka yi wa Inna Laure jika, za a yi suna. A biki kowa ya san yadda ake yi: ana tattaro kwanukan dangi da na maƙwabta, in an watse a wanke a mayar. Ɗankure ya tafi gonarsa a Gulma, matarsa Hure ta ɗauki makulli ta naɗe kwanon a zane ta kawo, don a fita kunyar surukai. Aka zuba miyar kifi aka kai musu, suka yi ta santi.

Da aka zo wanke-wanke, Inna Laure ta hana kowa taɓa shi. Kwanon Yaya ne, ita za ta wanke da hannunta. Ta ɗebo toka da lallausan yashin gulbi, irin wankin da ake yi wa tukunyar da ake ji da ita, ta zauna ta dirje shi ciki da waje har hannunta ya yi ja. Ta ɗiga masa jan fenti a gindi kada ya ɓace cikin kwanukan mutane. Kwano kuma ba a mayar da shi wayam, sai ta cika shi da goro da alkaki, ta hau mota da kanta zuwa Argungu.

Ɗankure ya buɗe zane. Zinarin ya tafi. Ganyayen sun koɗe, matar nan mai tulu ta zama kamar inuwa.

"Mi kiy yi mai?"

"Wanke shi niy yi, Yaya. Duba yadda yaka ƙyalli."

Ya juye goron da alkakin a ƙasa, a gaban kaji. Ya ce ta fita, kuma kada ta sake ce masa Yaya. Hure ta ba da haƙuri, limamin unguwa ya sa baki, Inna Laure ta yi aike sallah bayan sallah. Tuwon sallarta ma mayar da shi yake yi, marfi a rufe. Ya rasa sunaye da bukukuwa, ya rasa jana'izar mijin ƙanwar tasa, yana zaune gadin kwanon da ko kunu bai taɓa sha a ciki ba.

Bara da damina ciwo ya kwantar da Inna Laure. Ta kira Kausar, da yake ita ce mai zama kusa da ita tana tambayar wane ya haifi wane, ta ce, "Tahi ki ce ma Yaya ina son ganin shi. Ki ce na tuba."

Kausar ta iske shi a kan tabarma, ya tsufa ya rame, kwanon a cinyarsa yana shafa shi da tsumma. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"A'a, amaryata ce da kanta? Ko kin gaji da samarin Birni marasa ko sisi?"

Ba ta yi dariyar ba. Ta faɗi saƙo, ta ƙara da cewa likita ya ce a kira dangi. Ya ci gaba da shafa kwanon, tsumma na ta kai da komo. Can ya ce ƙafa ke damunsa, ba ya iya shiga mota.

Ita kaɗai ta dawo. Da ta ɗaga labule, Inna Laure ba ita ta kalla ba, bayanta ta leƙa. Kausar ta ce ciwon ƙafa ne ya hana shi. Tsohuwar ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta juya fuska bango. A cikin makon ta rasu.

Abin da Kausar ba ta faɗa mata ba shi ne, da wannan ƙafar mai ciwo ya biyo ta har zaure, da sauri ma. Ta tsaya, ta zaci takalmi zai ce ta ɗauko masa su tafi tare. Sai ya matso, ya rage murya.

"Amarya, alfarma guda nika roƙo. In kin iske ta da sauran magana, ki tambayam min ita: da toka taw wanke shi, ko da yashi?"