Rakiyar Malama Safiyatu

Shekara ashirin da shida Malama Safiyatu ta yi tana raka ɗalibai zuwa gindin famfo, kuma har yau akwai malaman da ke ganin zubar da girma ne. Makarantar sakandaren 'yan mata ce ta jeka-ka-dawo a gefen Dutse. Ɗakinta na ba da shawara yana can ƙarshen baranda, famfon kuma yana kusa da ƙofar shiga makaranta. Duk yarinyar da ta shigo wajenta, ko gaisuwa ce kawai ta kawo ta, in ta tashi tafiya sai Malama ta gyara mayafi ta bi bayanta. Malam Ɗayyabu mai koyar da lissafi ya sha tsokanarta da cewa in ana ba da lambar yabo ta yawo, ba ta da abokin takara. Ita kuwa sai dai ta ce masa ya je ya ji da alƙaluman da suka hana shi ƙiba.

'Yar manoma ce daga wani ƙauye kusa da Kafin Hausa. Da farko Hausa aka ɗauke ta ta koyar, ɗakin shawarar kuma an ba ta shi ne don babu mai so. A shekararta ta farko wata yarinya mai suna Hadiyya ta zo mata sau uku. Kowane zuwa sai ta durƙusa ta ce gaisuwa ta zo yi, Malama ta sa mata albarka, ta ci gaba da duba littattafan 'yan aji. Daga nan aka daina ganin Hadiyya. Sai daga baya aka ji cewa mahaifiyarta ce ke kwance ba lafiya, Hadiyya ke dafa wa ƙannenta abin kari kafin ta fito, kullum kuma sai an zane ta a bakin ƙofa saboda makara. Ta gaji ta zauna a gida. Magana ɗaya da mai kula da ƙofa da ta isa, amma ba wanda ya sani.

Abin ya ci Safiyatu ƙwarai. Da ta je gida hutu ta ba mahaifiyarta labari, tsohuwar ta ajiye maburgi ta dube ta.

"Kin raka ta?"

"Inna, ɗalibata ce fa."

"To, ke wa kika taɓa gani ya faɗi abin da ya kawo shi yana zaune?"

Gaskiya ne kuwa. A gidansu mace za ta zo ta share awa guda ana zancen damina da tsadar taki, ta yi sallama, sai an rako ta bakin zaure sannan ta tsaya ta ce, "Af, dama..." Safiyatu ta tashi tana ganin wannan kullum, amma da ta zauna bayan tebur sai ta manta. Tun daga ranar ba ta ƙara barin yarinya ta fita ita kaɗai ba. A kan hanyar famfon nan ta ji wadda ba ta ganin allo, da wadda ke son karatun jinya amma tana tsoron faɗa wa babanta, da wadda 'yan aji ke yi wa dariya saboda Hausarta da ke haɗe da Fillanci. Ba duka ta iya gyarawa ba. Amma ta gyara da dama, kuma ta ji daɗin aikinta, ba ta taɓa ɓoye hakan ba.

Bana za ta yi ritaya. Saura mako shida aka turo mata magajiya, Mashkura, wadda ta gama jami'a a Kafin Hausa, 'yar ma'aikata ce da ta tashi a unguwar Yalwawa cikin Dutse. Yarinya mai hankali, ga tsafta, ga son aiki, ta zo da fom-fom iri uku da ta tsara da kanta. In ɗaliba ta shigo sai ta zaunar da ita a kujerar da ke fuskantarta, ta yi murmushi ta ce, "Kalle ni, saki jikinki, mece ce damuwarki?" Yarinyar da aka raina a kan kada ta haɗa ido da babba sai ta ƙura wa yatsun ƙafarta ido ta ce ba komai. Mashkura kuma ta rubuta "ba komai" da kyakkyawan rubutunta.

Mako uku ana haka. Yaran suka koma jiran sai Mashkura ta tafi aji kafin su leƙo. Shugabar makaranta ma ta fara zancen cewa tana neman inda za ta zuba karyayyun kujeru, in ɗakin shawarar zai zauna ba kowa. Nan fa hankalin Malama Safiyatu ya tashi. Ba barin aikin ne ya dame ta ba, ta gaji, tana marmarin zama da jikokinta. Tsoronta shi ne ranar da ta fita, yaran su rasa wanda za su gaya wa.

Wata Laraba bayan an tashi tara, Mashkura ta rufe fayil ɗinta da ƙarfi.

"Umma, ni ba sa sona ne?"

"Suna sonki mana. Jiya na ji suna yabon takalminki."

"Wallahi da gaske nake, Umma."

"Ni ma da gaske nake, 'yata. Kina tsare su da ido kamar mai sayen akuya, ta ina za su fara? Wadda ta ce gaisuwa ta zo yi, amsa mata gaisuwar, ki tambaye ta mutan gida, kada ki tono ta. Ajiye biron nan. In ta tashi, ki tashi ki taka mata, ki riƙa kallon gabanki. In ta rage sauri, ke ma ki rage. Kada ki cika shirun da surutu."

"A makaranta an ce mana..."

"Abin da aka koya muku yana da kyau, zai yi miki amfani bayan ta buɗe baki. Ni na san yadda ake buɗe shi ne kawai."

Da alama Mashkura ta ɗan ji haushi. Kwana biyu ta gwada, yaran suka yi ta sauri suna waiwayenta, sun ɗauka laifi suka yi za a kai su ofis. Ta dawo tana cewa ita kam ta zama abin kallo. Malama Safiyatu ta ce ita ma haka ta fara.

A mako na biyar wata 'yar aji biyar mai suna Zuwaira ta shigo. Malama Safiyatu ta san ta tun tana aji ɗaya, ta kuma lura kwanan nan ta yi sanyi. Zuwaira ta gaishe su, ta ɗan zauna, ta ce za ta koma aji. Malama ta kai hannu ga mayafinta, sai ta fasa, ta hau neman wani abu a cikin jaka. Mashkura ce ta miƙe.

Ta taga Malama Safiyatu take hangen su. Sun wuce ɗakin gwaje-gwaje ba mai magana. Kusa da famfon Zuwaira ta tsaya tana murza bakin hijabinta, Mashkura ta tsaya a gefenta tana kallon bishiyoyin dalbejiya. Aka kaɗa ƙararrawa, ba su motsa ba. Sai da aka kusa rabin darasi sannan Mashkura ta dawo, ta zauna, ba ta taɓa biro ba.

Malama Safiyatu ta daure, ta daure, ta kasa.

"To, me ke damun Zuwairan tawa?"

Mashkura ta sunkuyar da kai.

"Umma, ki yi haƙuri. Ba abin tsoro ba ne, kuma zan iya da shi. Amma ta roƙe ni kada in gaya wa kowa."

"Har ni?"

"Har ke, Umma."

Abin ya ɗan sosa wa Malama Safiyatu rai, ba ƙarya. Shekara biyar tana raka yarinyar nan. Sai kuma dariya ta kufce mata, ta yi ta yi har da share ƙwalla da gefen mayafi.

"Allah ya yi miki albarka," ta ce. "Kada ki gaya mini."