Kwanan Watan da Ya Fito a Hoton Sale

Wallahi abin nan da ni ya faru, ba ji na yi ba, kuma ban cika son tayar da shi ba.

A shekarun tamanin ina sana'ar ɗaukar hoto a Malumfashi, na sayi wata kyamara mai buga kwanan wata da jajayen lambobi a ƙasan hoto, masu suna da biki na sonta ƙwarai. Wata rana ƙanena Sale, wanda ni na riƙe shi tun rasuwar mahaifinmu, ya sayi babur bayan kakar auduga, ya ce in ɗauke shi a kai. Da aka wanko fim ɗin daga Funtuwa, kowane hoto da kwanansa daidai, sai na Sale kaɗai, nasa wata rana ya nuna a watan gaba, alhali na gabansa da na bayansa duk yini ɗaya na ɗauke su.

Na koma wurin Bayaraben da ke mana wankin fim, haifaffen Funtuwa ne, ya juya hoton ya ce, "Maigida, na'ura ba ta tsallake ta dawo. Ni dai ban taɓa gani ba."

Hankalina ya ƙi kwanciya. Da ranar ta zo na ɓoye makullin babur, na zaunar da Sale a shago tun safe. Dariya yake ta yi mini. "Yaya, yanzu hoto ne malaminka? Ana jirana a Kafur fa."

Na ce, "Ka dai bari ranar ta wuce."

Da muka idar da magariba na yi hamdala, don a lissafinmu in rana ta faɗi an shiga sabon kwana, kamar yadda muke cewa daren Juma'a tun ranar Alhamis. Na miƙa masa makulli. Bai kai Kafur ba, motar auduga marar fitila ta same shi. Inna lillahi.

Lokacin da aka zo gaya mini, kyamarar na rataye a bango, idona ya faɗa a bayanta. Lambobin kwanan watan da take nunawa suna nan, ba su canza ba, su ne dai na hoton Sale. Ita ranarta sai sha biyun dare take ƙarewa.

Ajali ne, na yarda. Wanda ya sa kwanan nan a hoton kuwa, har yau ban sani ba. Ku dai, in na'ura ta nuna muku rana, kada ku auna ta da faɗuwar rana, ku jira sai ita ta ce ta wuce.