Rikordo

Mijina makanike ne a garejin wani tsoho ɗan Italiya a unguwar Hindawiyya, a Jidda. Jek ya zame, babbar mota ta danne mijin nawa, ina da ciki wata shida. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. A Jidda ba a sa wa kabari alama, ko yau ka tambaye ni inda yake ban sani ba. Kafin a share makoki an rabar da tufafinsa sadaka, har takalmin da maiƙo ya cinye.

Ina cikin takaba tsohon ya zo gidanmu a unguwar Sa'alaba. Bai shiga ba, ya tsaya a rana ya aiko a kira surukata. Ina jin su ta bayan labule. Larabcinsa a karye yake, amma na gane. Ya ce a ƙasarsu in mutum ya mutu akan bar wa iyalinsa wani abu nasa su riƙe, don kada zuciya ta sake shi. Sunan abin rikordo. Sau uku ya maimaita.

Surukata ta kawo mini, ashe hoto ne. Mijina tsaye jikin mota, yana dariyar nan tasa mai nuna wushirya. Ban taɓa sanin an ɗauke shi hoto ba. Na ce a raina, alhamdu lillahi, abin da ke cikina zai ga ubansa.

Wauta ta sa na jingina shi a kan akwati maimakon in ɓoye. Baffan mijina ya shigo gaishe ni, idonsa ya faɗa kai. Mutum ne mai tsoron Allah, kuma shi ke ciyar da mu, wa zai ɗaga masa murya?

"'Yata, mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da surar mai rai," in ji shi. "Amma ba zan raba ki da shi ba. Miƙo almakashi."

Surukata ta miƙa. Ya yanke kan daidai wuya, ya sa a aljihu, ya ba ni saura.

"Halas, shi ke nan, yanzu ya halatta."

Shi a ganinsa alheri ya yi mini. Na yi ta neman yafe masa, abin ya ƙi.

Da ɗana ya yi wayo ya tambaye ni kamannin ubansa. Na ciro masa rikordon. Ya daɗe yana dubawa, ya ɗora hannunsa kusa da hannun da ke jikin takardar.

"Umma, yatsunmu iri ɗaya ne," ya ce. "Fuskar fa?"

Na buɗe baki in faɗa masa, sai na tarar ni ma ta ɓace mini.